Keken Fosmasta da Littafin Magunguna

Na fara sanin matar nan shekarar da na ajiye aikin gidan waya. An kawo mini ita naɗe cikin tawul, jawur, ba gashi ba haƙori, aka ce ga 'yar babban ɗana. Na duba ta sama da ƙasa na ce a mayar wa wanda ya aiko. Ita kuwa ta buɗe baki ta kwarara ihu har maƙwabta suka leƙo. Tun daga ranar ba mu taɓa shiri ba, ba mu kuma taɓa yin mako ba mu ga juna ba. Ina ce mata Amarya, tana ce mini Fosmasta, ko Ango in akwai abin da take nema. Yanzu ta zama cikakkiyar mace, sana'arta koya wa mutane tuƙin mota.

A watan da nake ba da labari na faɗi da keke sau biyu, jiri ne yake ɗibata ba sallama. Ubanta ya ce ya isa haka, ranar Asabar da yamma zai zo da akori-kura ya ɗauke keken. Keken nan shi ke kai ni ɗakin karatu, shi ke kai ni bencin da muke zama da ragowar abokaina. In aka ɗauke shi na zama kujera ta huɗu a falo. Da safiyar Asabar ɗin na aiki Amarya ta karɓo mini farar ƙwayata ta hawan jini, ta kuma sayo man keke, don ko tafiya zai yi ya tafi da mutuncinsa. Ina zaune ina goge ƙararrawa ta turo ƙofa da ƙafa.

"...da fatan dai ka kwana a kan gado, ba a kan titi ba?"

"Lafiya lau na kwana, lafiya lau na tashi, sai ga ki. Ina man keken?"

"Ga ƙwayarka. Mai kuwa ban saya ba. Wa ke shafa wa fursuna mai ranar da za a tafi da shi?"

Ta sauke wani abu a kan tebur. Kofin shayina ya yi tsalle ya dawo.

"Wannan fa? Gini za ki fara mini a falo?"

"Littafin bayanin magunguna ne. Duk ƙwayar da likita ke rubutawa tana ciki: aikinta, illarta, abin da ba a haɗa ta da shi. Na ga daga yau zama za ka yi ta yi, na ce bari in kawo maka abokin zama mai nauyi irin naka."

"Na aike ki mai kin kawo bulo. Allah ya so ban aike ki allura ba, da yanzu ana sauke mini jirgin ƙasa a ƙofar gida."

"Kai da kake cika baki da karatu?"

"Karatu daban, tsegumi daban. Ina ruwana da abin da ƙwaya ke yi in ta shiga ciki? A makarantar mishan, Sista cokali ɗaya gare ta da kwalba ɗaya. Zazzaɓi, cokali ɗaya. Karaya, cokali ɗaya. Wanda ya faɗi lissafi, cokali biyu. Ba littafi, ba tambaya, kuma ba wanda ya mutu."

"Ina 'yan ajinku yanzu?"

"Sun mutu. Amma daga baya ne."

Ta ja kujera ta zauna, ta duba sunan da ke jikin kwalin farar ƙwayar, ta yi ta juya shafi tana lasar yatsa har ta samu wurin.

"Yauwa, ga ta. Buɗe kunnenka mai aikin. 'Maganin nan yana iya kawo ciwon kai, jiri, kasala da kumburin ƙafa.'"

"Tsaya. Wannan ba bayanin magani suke yi ba, naki ne. Duk ranar da kika zo gidan nan ina samun huɗun, har da na biyar da ba su sani ba, ƙarewar sukari a gwangwani."

"'Yana iya hana barci. Yana iya sa yawan barci.'"

"To wanne ne? Mutumin nan matsoraci ne. Ni ma ba ni alƙalami in rubuta littafi: gobe ana iya yin ruwa, ana kuma iya rashin yinsa. A ɗaure mini da bango mai kauri a sayar wa jikokin mutane."

"'Mai juna biyu ta tuntuɓi likita kafin ta sha.' Fosmasta, kana da juna biyu?"

"Ban duba ba yau."

"'A ajiye a wuri mai sanyi marar danshi, inda hannun yara ba ya kaiwa.' Ka ji abin da ya kamata a yi da kai tuntuni. Saman kabad. In an yi baƙi a sauko da kai a kaɗe ƙura."

"Ke kuma a rubuta a goshinki, a girgiza sosai kafin a yi amfani."

"'Kada a sha bayan wa'adi ya ƙare.' Juyo in ga ƙeyarka, a nan ake buga kwanan watan."

"Na zamaninmu ba a buga mana wa'adi, Amarya. Ku ne 'yan kwali. Mu a kwalba muka zo."

Ta ɗaga yatsa sama kamar ɗan sandan hanya, ta ce in yi shiru, an zo wurin.

"'Wanda maganin nan ke sa wa jiri, kada ya tuƙa mota ko ya sarrafa inji.' Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Baba ya yi gaskiya."

"Karanta kuma. Ya ce keke?"

"Ya ce inji."

"Keke ba inji ba ne. Keke ɗan'uwa ne. Ya san hanyar ɗakin karatu da kansa, ni rakiya kawai nake yi masa."

"Shi ya sa ya raka ka cikin shingen furen maƙwabciya?"

"Shingen ne ya tsallako titi ba tare da ya duba hagu da dama ba."

"Na gaban gidan burodi fa?"

"Titin ne ya taso. Kowa ya gani. Ina tafiyata cikin natsuwa sai ga shi a kuncina."

"Mai burodi ya ce sai da ka yi masa barka da asuba kana kwance."

"Tarbiyya ke nan. Ku da kuka yi makarantar zamani in kun faɗi zagi kuke yi."

"Ni dai da ɗalibina ne kai, da na karɓe makulli na ba ka sanda. Ko dai mantuwa kake yi, ka sha yau ka tsallake gobe, jinin ya yi ta hawa da sauka?"

Wannan ta taɓa ni inda ba a taɓawa. Na cire tabarau na ajiye.

"Ni? Mantuwa? Yarinya, agogon bangon nan da ni yake daidaita kansa. In na gama shayi, fara ta wuce. In na wanke kofi, mai ruwan hoda ta bi ta. Ko ranar da aka yi ambaliya ban saɓa ba."

"Wace mai ruwan hoda?"

"Ta likitan babban asibiti, inda ubanki ya kai ni watan jiya. Ita ma ta hawan jini ce, amma ta manya. Kwalinta har da zanen zinariya."

"Fara kuma ta likitan unguwa ce."

"Tasa ce."

"Likitan unguwa ya san da mai ruwan hoda?"

"Haba! In ɗauki takardar da wani likita ya rubuta in nuna wa wani likita? Shekara da shekaru ina gidan waya ban taɓa nuna wa mutum wasiƙar wani ba. Rantsuwa muka yi, hannu a sama. Ta unguwa kemis ɗin unguwa nake kai ta, ta asibiti tagar asibiti. Kowace takarda da akwatinta."

"Shi na babban asibitin bai tambaye ka ko kana shan wani magani ba?"

"Ya tambaya. Na ce masa ni ba na shan komai ba bisa ƙa'ida ba. Ya rubuta babu."

Amarya ta kifa kai a kan littafin tana dariya har kafaɗunta na rawa. Na ce ta ba ni shi nan, tunda ita surutu kawai ta iya, in nuna mata yadda ake karatu, in kuma nuna mata cewa mai ruwan hoda ba sa'ar fara ba ce. Ta saka bironta a shafin da take don kada ya ɓace, ta turo mini.

Dole in faɗi gaskiya, da na juya bayan littafin na ga jerin sunayen magunguna an tsara su harafi bi harafi, kowane da lambar shafinsa, sai da zuciyata ta yi sanyi. Aiki ne na mutanen da aka yi wa horo. Na ɗauko kwalin mai ruwan hoda daga aljihun tebur, na bi sunan da ɗan yatsa, na samu lambar, na juya. Sai ga ni a kan biron Amarya.

"Kin taɓa littafin nan."

"Hannuna na kan cinyata."

Na koma baya na sake bin sunan, na sake juyawa. Biro dai. A saman shafin an rubuta sunan maganin na asali da manyan haruffa. A ƙarƙashinsa kuma sunayen da kamfanoni daban-daban suke sayar da shi, kamar mutum mai sunan yanka ɗaya da laƙabi goma. Ga sunan fara a layin farko. Ga na mai ruwan hoda a layi na biyu. Can ƙasa, inda aka yi bayanin abin da ke samun wanda ya sha fiye da ƙima, an rubuta jiri, da ganin duhu in an miƙe tsaye, da faɗuwa.

Na rufe littafin a hankali na ɗora gwiwar hannu a kai.

"Me ka gani, Fosmasta?"

"Ba komai. Kuskuren maɗaba'a ne."

"Ɗaga hannunka."

"Hannuna yana hutawa."

Ta zare littafin ta ƙarƙashi kamar yadda ake zare tabarma, ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta na ɗan lokaci, na ga yarinyar da nake ɗauka a kafaɗa a da. Sannan ta dawo da ƙarfinta.

"Ango! Magani ɗaya kake sha sau biyu!"

"Ba ɗaya ba ne. Ɗaya fara ce, ɗaya ruwan hoda. Ko makaho ya san da bambanci."

"Mutum ɗaya ne ya sake riga ya shiga layi sau biyu, kai kuma kana buga masa hatimi kullum."

"Wataƙila tagwaye ne."

"Tagwayen ne suka haɗu suka kayar da kai gaban mai burodi! Yau ka sha duka?"

"Fara ta ƙare tun shekaranjiya, ba don haka na aike ki ba? Mai ruwan hoda kaɗai na sha."

"Ya kake ji?"

"Garau. Na zaci don kin yi kwana biyu ba ki zo ba ne."

Na miƙe na ɗauki kwalin mai ruwan hoda na nufi kwandon shara. Na ce tunda ita ce baƙuwa ita za ta bar gida, da zanen zinariyarta da komai.

"Dawo, dawo. Karanta nan, mai baƙin rubutun."

Na dawo na karanta da kaina, da ƙarfi, yadda Fada ya koya mana a makarantar mishan, ana tsayawa a kowace aya. An ce kada mutum ya daina magani ko ya rage shi da ra'ayin kansa. Ya tattara duk abin da yake sha, da kwalayen da takardun, ya kai wa likita ko mai kemis su duba tare.

"Duk takardun," in ji ta.

"Ba zai yiwu ba. Na gaya miki akwai rantsuwa."

"To zauna da rantsuwarka. Da yamma akori-kura za ta zo, ka ɗaga hannu sama ka yi wa keke bankwana."

Na dubi keken, yana jingine bakin taga, rana na haska ƙararrawar da na goge. Amarya ta tashi ta buɗe aljihun tebur na ƙasa, inda ta san ina ajiye kayan rubutu, ta ɗauko ambulan.

"Fosmasta, wasiƙa ta wace ce?"

"Ta wanda sunansa ke bayan ambulan."

"To saka takardar babban asibiti a ciki, ka liƙe, ka rubuta sunan likitan unguwa. Ta zama tasa. Kai ɗan aike ne kawai."

Na juya maganar ta kowace fuska ban samu ɓaraka ba. Shekarun nan duka ban san akwai ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin ɗankwalin nan ba.

"Ba kan sarki."

"Zana."

Na zana, da ɗan tsuntsu a tsakiya, na kuma soke shi da layi biyu kamar yadda doka ta ce.

A bakin ƙofa na ɗauko maƙalan wando na hawan keke zan sa. Ta riƙe kan keken.

"Ina za ka? Littafi ya ce mai jiri ba ya tuƙi. Ni zan tuƙa, kai ka hau kariyar baya ka rungume magungunanka."

"Bismillah, malamar tuƙi."

Ta ɗora ƙafa a feda, ta ɗaga ɗayar. Keken ya yi hagu, ita ta yi dama, suka rabu ba faɗa. Ta sake gwadawa, ta rungumi sandar lantarki.

"Amarya."

"Kada ka ce komai."

"Ba ki iya keke ba?"

"Keken nan ba shi da giya, ba madubi, ba bel. Wannan ba abin hawa ba ne, tarko ne."

"Ke da kike karɓe wa mutane makulli! Sandar ce ta tsallako, ko titin ne ya taso?"

"Na ce kada ka ce komai!"

A ƙarshe littafin ne ya hau. Muka ɗaure shi a kariya da igiyar roba, ledar magunguna a rataye a hannun birki, ni a dama ita a hagu muna turawa. Mai burodi ya fito ya ga ina wucewa a tsaye, ya cire hula.

Likitan unguwa mutum ne mai haƙuri. Na miƙa masa ambulan da hannu biyu, na kau da kai har ya buɗe. Ya dubi tsuntsun, ya dube ni. Ya jera kwalayen biyu a gabansa, ya gwada jinina ina zaune, ya sake gwadawa ina tsaye. Ya ce littafin bai yi ƙarya ba, kuma Allah ya tsare da abin ya tsaya a shingen fure. Ya bar mini ɗaya, ya riƙe ɗayar, ya ce in dawo bayan mako biyu. In jirin ya tafi, shi bai ga abin da zai hana ni keke ba. Kafin nan ƙafa.

Amarya ta kira ubanta tun muna bakin asibiti, ta sa wayar a amsa-kuwwa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, don Allah me ya hana ka faɗa?" Na ce sirrin aiki ne. Ya ja dogon numfashi irin na uwarsa, Allah ya jiƙanta. Ya ce ya fasa zuwa da akori-kura, amma a sa wa keken kwaɗo, makullin kuma ya zauna hannun 'yarsa har likita ya sa hannu.

Da muka dawo gida ni da kaina na mayar da shi bakin taga na datse kwaɗon. Ta miƙo tafin hannu.

"To, Ango, wa ya ci?"

"Littafi."

"Wa ya sayo littafin?"

"Wata mata ce. Ba ta iya keke ba."

"Da mai na sayo fa?"

"Da ya tafi yana ƙyalli."

"Faɗi sauran."

"Kin ci, Amarya. Kin ci, bulonki ya yi rana." Dariya ta ƙwace mini, na saka mata makullin a hannu, na ɗora maƙalan wandona a kai. "Riƙe waɗannan ma, kyauta. Gobe da safe ki zo darasi. Ni ba na karɓe wa ɗalibi makulli, amma ki zo da auduga da aidin."

Ta jefa su cikin jaka, ta kwashe ragowar biskit ɗin da ke faranti ba tare da an yi mata tayi ba, ta nufi ƙofa. Na jawo littafin gabana na buɗe bayansa.

"Amarya."

"Me kuma?"

"In za ki zo ki biya ki sayo ambulan. Wancan ne na ƙarshe."

"Na me? Ai an kai wasiƙar."

"Akwai likita na uku."

Ta saki jakar, ta zauna daɓas a bakin ƙofa.